Goron Matar Lebura

Ni zabiya ce, mai kiɗan ƙwarya. Da furfura a kaina na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga layin ya karkace ya yi haƙuri ko ya ajiye.

Mutane suna zaton murya ita ce sana'ar. Murya! Akuya ma tana da ita. Lokacin da Nasara suka shimfiɗa layin dogo, Tudun Wada ba komai ba ce sai bukkoki da zana, baƙi daga ko'ina, leburori da 'yan koli da matan soja. A nan na fara. Ni ke zama wurin mai kitso in ji gidan da za a yi biki, wace ce uwar wa, wa ba ta ga maciji da wa, kada in je in wasa wata a gaban mai jin haushinta. Ni ke kai ƙwarya ɗinki in ta tsage. 'Yan amshina kuwa, in ban raba abin da aka samu a kan idonsu ba, washegari kowace sai ta tashi da ciwon kai.

Amma babban abin shi ne goro. Mai biki za ta aiko da shi, in kin karɓa kin ci, to kin ɗaure kanki da ranarta.

Wata rana matar wani leburan dogo ta zo da kanta. Ɗanta zai yi aure ran Juma'a, ba su da dangi a Zazzau, tana tsoron tsakar gidanta ya zauna shiru. Goron daushe ne, a ƙulle a ganye. Na ɓare na ci a gabanta.

Ba a jima ba sai ga wata dattijuwa daga Birni, can cikin ganuwa, da faifai cike da farin goro. Uwar zabiyoyin Birni ce ta aiko ta. Muryar uwar ce ta dushe, ga bikin gidan wani attajiri, tana so in ja waƙa a madadinta. Ranar Juma'ar nan dai. Mu na bayan ganuwa, ko a mafarki ba a kiranmu irin wannan gida.

"Ke yarinya, arziki ya biyo ki har ɗaki. Miƙo hannu."

"Inna, na riga na ci na wasu."

"Na wa?"

"Matar wani lebura, can bayan kasuwa."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Lebura! Me zai ba ki, diga ko shebur?"

"Ko tsakuwar dogo ce, na ci goronsu."

"To amayar mana."

"Inna, a Birni haka kuke yi?"

Nan fuskarta ta canza. Ta ce wadda ta mayar da goron uwar zabiyoyi ba ta ƙara kifa ƙwarya a cikin ganuwa, in yi tunani.

Yayata, wadda ita ce babbar 'yar amshina, ta ja ni bayan ɗaki. "Ke mahaukaciya ce? Tura wata can, su baƙi ina suka san bambanci?"

"Yaya, ni ta zo nema, ba wata ba. In na yi haka yau, gobe wa zai kawo mana goro ya koma gida da kwanciyar rai?"

"Sai ki ci kwanciyar ran ki ƙoshi."

Ta ɗauki gyalenta ta bi dattijuwar don ta ja musu waƙar, faifan na gaba.

Ran Juma'a muka kifa ƙwarya a gidan leburan, amshi ba ƙarfi saboda rashin yayata. Na ja ni kaɗai inda ya kamata a taya ni. Nufawa da Barebari da matan soja suka cika tsakar gidan, wasu ko Hausar ba su ji, amma suka taka har ƙasa ta yi rami. Uwar ango ta ba mu dawa da turmin zane, tana share ido.

Maganar dattijuwar nan kuwa ta tabbata. Har na ajiye sandan kiɗa ban taɓa kiɗa a Birni ba. Nakan shiga gaisuwa ko cefane, in fito. Daga Tudun Wada zuwa Tudun Jukun na ci abincina, ban yi gidan soro ba, yayata ta yi. In yau aka sake kawo faifan nan, ƙofar da ya shigo ta nan zai fita.