Inshorar da ta mutu a bakin iyaka

"Malam, wagga inshora ba ta aiki ƙasarmu."

Haka jami'in bakin iyakar Konni ya ce mini, shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta Maradun. Na ɗauko mahaifiyata Inna da matata a motata akori-kura, za mu koma Nijar wurin kawuna.

Alhali wanda ya yi mini takardun a Talata Mafara har rantsuwa ya yi cewa ko'ina za su kai ni!

Inna ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, ruwa ya kore mu daga gida, kai kuma da takarda za ka tare mu?"

Jami'in ya sunkuyar da kai. "Inna, ku ba a hana ku shiga ba. Mota dai sai an yi mata rajista da inshorar nan."

A amalanken jaki mahaifiyata ta shiga ƙasar mutane, tana kare fuska da mayafi. Wata biyu motar ta yi a rana kafin na karɓo ta.

Yanzu ɗana ke shirin ƙetarawa da tasa, shi ne abin ya taso mini sabo fil. Wa aka taɓa cuta haka? Ku faɗa, ya ji da kunnensa.