Mutumin da Ya Goya Inna

Ranar Talata ce. Da ƙarfe shida na safe na hura gawayi, na ɗora shayi, na goge wa Inna jiki a kan gadonta na igiya. Inna mahaifiyata ce, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara uku. Mijina ya rasu, 'ya'yana mata biyu ne a gabana. Yaƙi ya daɗe a tsallaken kogi. Mu a unguwar Umbadda ta Omdurman sai dai mu ji ƙara mu ce Allah ya kyauta.

Katanga ɗaya ta raba mu da Yuhanna, Kirista ne daga duwatsun Nuba, mai amalanken jaki. Dole in faɗi abin da ke tsakaninmu, ko da yake ba daɗin faɗi. Shekarun baya matarsa Marta tana dafa giya a ɓoye. Ni na kai ƙararta. Ba kishin addini ba ne, kada in yi wa Allah ƙarya, kajinta ne suka ɓata mini shanya. Aka yi mata bulala a gaban jama'a. A lokacin Yuhanna mashayi ne mai saurin hannu, ya taɓa karya wa wani haƙarƙari a kan wurin ɗaure jaki. Daga baya ya fara zuwa wani coci na kwano a bayan unguwa, ya bar sha, ya bar faɗa. Ni ban yarda ba. Na ce wannan jira kawai yake.

Tara saura kwata bam na farko ya faɗa gidan burodi. Ƙofofi suka girgiza. Tara da rabi motoci suka shigo bakin layi, ana harbi, ana dukan ƙyamare da gindin bindiga. "Fito! Fito!" A gida na huɗu daga namu wata mata ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru.

Sai na ji ana saran katangarmu. Laka ta zube, Yuhanna ya shigo da gatari a hannu. Wallahi na ɗauka ranar da yake jira ce ta zo. Ko kallona bai yi ba. Ya yar da gatarin, ya sunkuci Inna. Muka bi shi ta ramin, ta cikin gidansa, muka fita lungun baya inda Marta ke riƙe da jaki.

Goma da rabi muka tarar da shingen farko. Masu bindiga suka ƙwace jakin da amalanken, suka sauke Inna a ƙasa kamar buhu. Yuhanna ya durƙusa, na ɗaure masa ita a baya da mayafina. Muka yi yamma a ƙafa, rana tana dukan tsakar kai.

Shinge na biyu bayan azahar ne. Wani mai rawani ya ce Yuhanna soja ne. Ya mare shi, ya tofa masa yawu, ya shiga zuba masa bulala. Na ga jijiyar wuyan Yuhanna ta tashi. Na san hannun nan. Da ya ɗaga shi, da an gama da mu duka a wurin. Bai ɗaga ba. Juyawa kawai yake yi yana ba da ƙirjinsa, kada bulalar ta sami tsohuwa. Can mai rawanin ya ce, "Wuce!"

Muka zauna a inuwar wani kango. Maganar ta tokare ni, na kira shi da sunan da muke kiransa. "Abu Butrus, ni na kai ƙarar Marta."

Ya ce, "Na sani tun ranar, Hajja Zainabu. Har wuƙa na wasa saboda ke. Amma abin da Almasihu ya yafe mini ya fi wannan yawa, ban kuwa cancanta ba. Wancan Yuhannan babu shi." Marta ta miƙo mini ruwa. Kunya ta hana ni sha.

Da la'asar muka kai ƙarshen gari, inda wata babbar mota ke lodin mutane. Yuhanna ya hau da Inna, ya kwance ta, ya jingina ta da buhu. Direba ya tayar ke nan, sai ga motar masu bindiga. "Maza su sauka!" Yuhanna ya sauka cikin na farko, tun kafin su hau su tattaka matan da ke ciki. Suka zaunar da su a ƙasa, hannu a kai. Suka ce wa direba ya ja. Abin da na iya gani daga sama shi ne bayan rigarsa, ya jiƙe sharkaf inda Inna ta kwanta.

Mu shida muka bar gida, biyar muka iso. Yanzu muna ajin wata makaranta a wani gari na bakin kogin Farin Nilu, tabarmata kusa da ta Marta. Duk motar da ta zo daga Omdurman sai ta je ta tambaya. Ba wanda ya gan shi.

Inna tana nan da ranta. Hankalinta ya fara gushewa, ba ta riƙe sunansa. Kullum bayan sallar asuba takan tambaye ni ko yaron nan da ya goya ta ya iso. Nakan ce mata yana hanya.