Malam Sada da Mai Sharhin Fiyano

Malam Sada Nata'ala mutumin Rimaye ne, ɗan gidan malamai. Mahaifinsa yana da makarantar zaure da gonar gero, kuma ba da son ransa aka ɗauki Sada zuwa boko ba. Daga elemantare ta Kankiya ya wuce makarantar horon malamai, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. A can ya fara ganin fiyano.

Na wata Baturiya ne, matar ɗaya daga cikin malamansu. Ran nan aka aiki Sada gidan, ya tarar tana kaɗawa, ya tsaya a bakin ƙofa har ya manta da saƙon da ya kawo. Ba ta kore shi ba. Shekara biyu tana koya masa duk Asabar da hantsi, yadda ake karanta ɗigo-ɗigon kiɗa a kan layuka da yadda ake ɗora yatsu. Da Turawa suka fara tattara komatsansu, ta tafi da abinta.

Aka tura Sada koyarwa Kusada. Ya auri Rahamatu, suka samu 'ya ɗaya, Haulatu. Rahamatu ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta, sai yayarsa ta ɗauki yarinyar zuwa Fakuwa. Bai ƙara aure ba.

Ya sa kafinta ya goge masa wani dogon katako, ya zana haƙoran fiyano a kai, farare da baƙaƙe. Bayan la'asar yakan zauna a gabansa yana motsa yatsu, sautin kuwa a kansa kawai yake jin sa. Duk abin da ya mallaka gajerun kiɗe-kiɗe shida ne da ya kwafa da hannu a littafin rubutu. Wansa Salisu ya taɓa iske shi a haka.

"Sada, mi ke nan? Mu ɗiyan malamai ne fa, ba makaɗa ba."

"Ai ba ya ƙara, Yaya."

"To, Allah shi kyauta."

Tun daga ranar ya riƙa rufe ƙofa.

A 1975 aka tura shi kwas na mako biyu a Kaduna. Ya shiga wani kantin littattafai neman ƙamus, sai ya hango su a can ƙasan kanta: littattafai biyu masu kauri, dukansu sonatoci, wato dogayen kiɗe-kiɗen fiyano, na wani Bature da ya daɗe da barin duniya. Kiɗan iri ɗaya ne, bugun ne ya bambanta. Ya durƙusa a wurin har ƙafarsa ta yi sanyi.

Mai tsaron kantin, wani dattijo mai suna Dawuda wanda yake kaɗa fiyano a cocinsu, ya matso.

"Malam, ka iya karanta wannan?"

"Na ɗan taɓa."

Dawuda ya buɗe mai shuɗin bango. Takardarsa fes, babu komai sai abin da mai kiɗan ya rubuta da hannunsa. Ya ce masana yanzu wannan suke so, don ba wanda ya tsoma baki a ciki. Sa'an nan ya buɗe mai jan bango, ya ɗan yamutsa fuska. Wani tsohon malamin fiyano ne ya shirya shi, ya cika shi da lambobin yatsu da bayanai a ƙasan kowane shafi.

"Wannan surutunsa ya yi yawa. Ni a ganina ka ɗauki shuɗin."

Sada ya gane zancen sarai. A zauren mahaifinsa ya san matani ya san sharhi, ya kuma san mai sharhi yakan yi kuskure. Ya riƙe shuɗin, ya ji ya kwanta masa. Amma da ya koma kan jan sai idonsa ya faɗa kan wani bayani: a nan ɗalibai sukan yi gaggawa don tsoro, ka dakata, babu mai korar ka. Ya karanta sau uku. Shekara goma sha bakwai ke nan ba wanda ya yi masa magana a kan kiɗa.

"Wannan nike so," in ji shi.

"Wane irin fiyano gare ka a gida?"

"Ba ni da shi."

Dawuda ya dube shi. Ya naɗe littafin a takarda, ya raka shi har bakin titi.

Sada ya koma Kusada da abokin hira. Yakan bi lambobin yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan katakonsa. Inda ya yarda da mai sharhi ya rubuta "haka ne" da fensir a gefe, inda bai yarda ba ya rubuta dalilinsa. A shekara ta biyu ya ci karo da wani wuri da ya ƙi shiga kunnensa ko ta yaya ya juya shi. Ya yi wata guda yana zargin kansa. Daga baya ya rubuta wa mai sharhin wasiƙa ta hannun kamfanin da ya buga littafin, ya gaishe shi da iyalinsa, ya gode masa, ya tambaya cikin ladabi ko akwai ɗigo ɗaya da ya sauka a layin da ba nasa ba.

Amsa ta zo bayan wata bakwai. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce ta rubuto. Ta ce mai sharhin ya rasu tun kafin yaƙin duniya na biyu, wato kafin a haifi Sada. A ƙasa ta ƙara da biro cewa sun duba, gaskiyarsa, kuskuren bugu ne, za su gyara, kuma ba wanda ya taɓa lura sai shi.

A gidan waya na Kankiya ya karanta ta, a tsaye. Ya waiga, babu wanda ya sani a wurin sai Ɗanmaliki mai sayar da kan sarki.

"Ɗanmaliki, ka ga, sun ce gaskiyata."

"A kan mi, Malam?"

Sada ya fara bayani, ya ga mutumin yana leƙen layin da ke bayansa.

"Madalla, Malam. Allah shi ƙara basira."

Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, ya hau kekensa. A hanya ya tsaya a gindin wata tsamiya ya daɗe, yana tunanin mutumin da ya shekara biyu yana gardama da shi alhali ƙasa ta daɗe da rufe shi. Bai san ko ya halatta ya yi masa addu'a ba, sai ya ce Allah ya san komai.

Ya ci gaba da koyar da lissafi a Kusada har ya yi ritaya, kuma bai ƙara taɓa fiyano na gaske ba. Tsofaffin ɗalibansa suna tunawa da shi a matsayin malamin da ba ya duka, mai tafiya shi kaɗai a gefen hanya yana kaɗa kai a hankali.