Ranar da Muka Hana Gari Gaishe Ka

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, abokin guduna, bayan jinyar ciwon hanta da ba ta yi tsawo ba. Ina aji ina koyarwa aka leƙo aka ce ana nemana a waya. Da na ji yayata ta kira sunana ta yi shiru, ba ta iya ƙara komai ba, na san ka tafi, Yaya.

Waɗanda ba su san ka ba, in ma akwai su a garin nan, bari in gaya musu. Ma'aikacin hukumar ruwa ne kai, mai bin gida-gida yana duba mita. Aiki ne da ba a cika son ganin mai yin sa a ƙofar gida ba, amma kai shimfiɗa ake yi maka. Kana durƙushe kana share ƙasar da ta rufe murfin mita, bakinka yana tambayar jikin tsoho, da sakamakon jarrabawar yarinya, da ko ɗan da ya tafi neman aiki ya yi waya. Kullum da sifana da guntun roba a aljihunka, don famfon da ke ɗiga a gidan da babu namiji, ko da yake gyara ba ya cikin aikinka. Shekara talatin da wani abu kana haka, har ya zama babu lungun da ba a san takunka ba.

Ni na ja ka cikin harkar gudu, kuma har gobe ina alfahari da hakan. Likita ya ce sukarinka ya hau, yayata ta ce in san yadda zan yi da kai. Ranar farko da wandon aiki ka fito, da takalmin zuwa ofis, ka yi ɗan taƙi kaɗan ka dafa sandar lantarki kana haki, kana ce mini babu mai hankalin da zai yi gudu ba a koro shi ba. Ba a yi wata uku ba ka koma kai ke buga mini ƙofa bayan sallar asuba. Lokacin da matata ta daɗe a asibiti, na daina fita, na daina cin abincin kirki, ba ka yi mini wa'azi ba. Zuwa kake yi ka zauna a kan dakali da takalmana a hannunka har sai kunya ta fito da ni. Ban taɓa yi maka godiyar wannan yadda ya kamata ba, kuma na san da na fara za ka katse ni da tambayar yara.

A ƙungiyarmu ta masu gudun safe, Ina-gajiya muke kiranka, kuma ka amsa sunan da hannu biyu. Dalilin sunan kowa ya sani. Ba ka iya wuce mutumin da ka sani ba tare da ka tsaya ba. Sauran masu gudu ɗaga hannu suke yi su wuce. Kai sai ka ja birki, ka rusuna in babba ne, ka tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da mai jiki, ka jira amsar kowace tambaya. Na sha gaya maka cewa tsere ba zaman gaisuwa ba ne. Sai ka dube ni da mamaki ka ce, "To ya kira sunana, in yi kamar kurma?"

A ƙananan tsere, na kilomita biyar ko goma, abin bai dame mu ba, dariya ma yake ba mu. Ko ka tsaya sau nawa, za ka iso ka tarar da mu muna shan ruwa. Akwai tseren da muka jira ka har muka fara tsorata, ashe bututu ka gani ya fashe a bakin titi, ka tsuguna da lambar tsere a ƙirjinka kana ɗaure shi. Ka iso jiƙe sharkaf, kana murna kamar kai ka zo na ɗaya.

Inda abin ya zame maka ciwo shi ne babban tseren shekara, rabin gudun famfalaki, mai kilomita ashirin da ɗaya. Shi wannan yana da ƙa'ida: awa uku ake rufe tituna, in lokaci ya cika a buɗe wa motoci hanya, a sace iskar babbar ƙofar robar da ake wucewa ta ƙarƙashinta a ƙarshe, a tattara lambobin yabo a tafi. Ƙafarka tana iya wannan tazarar cikin lokaci, mun gwada a bayan gari inda ba ka san kowa ba. Amma hanyar tseren ta ratsa unguwannin da ka yi rayuwarka kana duba mitarsu. Shekara bayan shekara kana isowa ka tarar da ƙofar a kwance a ƙasa, ma'aikata suna naɗe ta. Su ma sai ka yi musu sannu da aiki. A gaban mutane dariya kake yi, amma a hanyar komawa gida ka taɓa ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Sau ɗaya dai nake so in wuce ƙofar nan tana tsaye."

Bara likitan ƙashi ya duba gwiwarka ya ce dogon gudu ya ƙare maka, ya yarda da guda ɗaya na bankwana saboda nacin da ka yi. Muka zauna a ƙungiya ba ka nan. Mun san ba za mu iya sauya ka ba, mun gwada mun gaji. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke gudu da mu, ita ta ce to a sauya garin. Muka raba hanyar tseren a tsakaninmu, muka bi shago-shago da gida-gida muna roƙon abu guda: ranar Lahadin tseren in kun hango shi, don Allah kada ku kira shi, ku kau da kai. Tela ya yi dariya har ya soke yatsa. Mai gadin banki ya ce wannan aikin ya fi gadi wuya. Iya, tsohuwar da ke zama a ƙofar gidanta kusa da gada, wadda kake gyara wa famfo tun mijinta yana da rai, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗan nan, ni idona ya gan shi bakina ba zai yi shiru ba. Sai dai in shige ɗaki in rufe ƙofa."

Ranar tseren ina gefenka tun daga farko. Da muka shiga unguwar farko ka ɗaga hannu, ka rage gudu kamar yadda ka saba. Mai shayi ya duƙa yana hura wutar da take ci da kyau. Tela ya kifa kai a kan keken ɗinkinsa. Wani dattijo da ka yi wa sallama da ƙarfi ya ɗaga kai sama yana duba hadarin da babu shi. Ka juyo ka ce mini, "Rasuwa aka yi a unguwar nan?" Na ce ban ji ba, mu je. Muka wuce unguwa ta biyu, ta uku, haka. Na ga fuskarka ta sauya, murmushin nan da ba ya barinta ya tafi. Can ka sake cewa, "Ko na yi wa mutanen nan wani laifi ne ban sani ba?" Wallahi Yaya, a lokacin saura kaɗan in fasa, don ban taɓa ganin ka cikin damuwa irin wannan ba. Na daure na ce ka ja numfashi, za mu yi maganar in mun isa.

A bakin gada ka ga ƙofar Iya a rufe, tabarmarta babu, ka nufi wajen kai tsaye. Na riƙe gwiwar hannunka na ce lokaci, Yaya, lokaci. Ka bi ni, amma kana waiwaye har muka sha kwana. Gwiwar ta fara ci maka tuwo a ƙwarya, kana ɗingishi. Da muka fito babban titi na ƙarshe, ga ƙofar can tsaye, cike da iska, ga yayata a gefenta tana tsalle da shekarunta. Ka wuce ta ƙarƙashinta. Aka rataya maka lambar yabo, 'yan ƙungiya suka rufe ka da ihu. Kai kuwa ko kallon lambar ba ka yi ba. Ka ce a samo maka mai babur, za ka koma ka ji ko Iya lafiya.

Dole muka faɗa maka gaskiya a wurin. Ka bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fashe da dariya har ka zauna a kan kwalta, dariyar ta koma hawaye. Ka ce, "Amma ku mugaye ne. Na gode, Allah Ya saka. Sai dai ban taɓa gudu mai nisa irin na yau ba, kada ku ƙara yi wa wani." Washegari, da kumburarriyar gwiwa da sanda, ka fara bin hanyar tseren daga farkonta, ƙofa-ƙofa, kana biyan gaisuwar da ka ce ana bin ka. Mako guda ka yi kana wannan zagaye. Kowa sai ka ciro lambar daga aljihu ka rataya masa, ka ce tasa ce, shi ya yi aikin. Iya ta ce tana bayan ƙofa tana leƙen ka ta kafar makulli, tana amsa gaisuwar da ba ka samu yi ba.

Ranar Laraba da la'asar muka ɗauke ka zuwa makwancinka, kuma hanyar ta bi ta wasu daga cikin titunan nan. Wannan karon babu wanda ya kau da kai. Tela ya bar kekensa, mai shayi ya bar wutarsa, masu shaguna suka fito suka bi bayanmu. A bakin gada Iya tana tsaye, ta dafa bango, ta ɗaga murya ta kira sunanka, ta yi maka sannu, ta ce ka sauka lafiya. Ina ɗauke da kai a kafaɗata, kuma sai da na ji ƙafata ta rage sauri da kanta, tana jiran ka tsaya. Tun da na san ka, ranar ce ta farko da aka gaishe ka ba ka amsa ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Yadda bai taɓa wuce bawanKa bai yi masa sallama ba, Ka sa mala'ikunKa su tarbe shi da sallama, Ka shigar da shi Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata, wadda ta yi haƙurin zama da mijin da aiken minti biyar ke ɗaukar sa yini, da 'ya'yansa da jikokinsa, da abokan aikinsa na hukumar ruwa, da 'yan ƙungiyarmu, da Iya, da duk gidan da ya taɓa durƙusawa a ƙofarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.