Koramar Baba da Inna ta aike ni nema

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar na fito daga gidanmu na Aubervilliers, a gefen Paris, raina a ɓace. Sanadin tafiyar ga shi: Inna ta fara mantuwa, kullum maganarta ɗaya, koramar da marigayi Baba yake kai mu ran Lahadi lokacin da yake karatu a garin Villeurbanne. Yayana Habu ya ce babu wata korama, ruɗewa ce, a mai da ita Damagaram wurin ƙannenta. Ni kuwa na tuna ruwan, na tuna sanyinsa a ƙafata ina 'yar shekara shida. Muka yi da shi cewa in na samo, Inna ta zauna wurina.

Kwatancen da ta ba ni kuwa, Allah ya sawwaƙe. "Ki wuce gida mai jan ƙofa, akwai icce da ya karkata, nan babanku yake alwala." Sunan koramar fa? "Koramar Baba mana." Shi ke nan guzurina.

Paris

Metro mai lamba bakwai, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauya a tashar Châtelet, na iso tashar jirgin ƙasa shida da kwata. Kofi da burodi kusan yuro shida, kamar da zinariya aka kwaɓa. Jirgi ya tashi ƙarfe bakwai. Muna cikin gudu Habu ya aiko saƙo: "In kin ga kada a koramar, ki gaishe shi."

Villeurbanne

Tara da 'yan mintoci muka sauka tashar Part-Dieu, na hau tram T1, jirgin cikin gari, zuwa wajen jami'a. Jama'a, ƙofa ja! Na ƙirga goma sha ɗaya kafin azahar, na daina. Na tambayi ɗalibai uku da faransanci ina rafi yake. Biyu suka nuna mini babban kogin Rhône, na ukun ya duba wayarsa ya ce babu. Kilomita bakwai na taka, takalmi ya ci mini dunduniya, ga yayyafi.

La Guillotière

Ƙarfe ɗaya na koma tram na nufi unguwar La Guillotière, shagon Alhaji Mahamat, wani dattijo ɗan Cadi mai sayar da shadda, abokin Baba tun suna samari. Gaisuwa kaɗai ta ci minti goma. Ya gida, ya Hajiya, ya sanyi, ya Habu, ya gajiyar hanya, ni kuwa jirgina na ƙarfe huɗu.

"Alhaji, korama nake nema."

"Ci abinci tukuna, 'yata."

Sai da na cinye shinkafa da miyar kuɓewa ya ce, "Wannan ruwa ai an daɗe da binne shi. An sa shi cikin bututu, an zuba kwalta a kai. Ba wajen jami'a yake ba ma, can gabas ne. Ki nemi ƙaramin titin da suka bar wa sunansa." Ya rubuta mini a bayan kwalin shayi. Wato tun safe abin da nake nema a sama, yana ƙarƙashin ƙasa!

Villeurbanne kuma

Uku saura kwata na isa titin. Babu ƙofa ja, babu icce, sai benaye da wurin ajiye motoci. Takaici ya kama ni har na ji hawaye, na zauna a bakin hanya. Can na ji wani abu kusa da ƙafata: wani murfin ƙarfe mai ramuka, ruwa na gudu a ƙasansa, siriri. Na durƙusa da zanena mai kyau na kanga waya ina ɗaukar sautin. Wata tsohuwa mai kare ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya. Na ce rafi nake saurare. Ta ce, "A, ina yarinya nan muke kama kwaɗi, ni da 'yan uwana." Na ce don Allah ta maimaita, na ɗauki wannan ma.

Da gudu na samu jirgin, gwiwoyina duk laka.

Gida

Bakwai da kwata na shigo, Habu na zaune. Na kunna muryar tsohuwar, ya sunkuyar da kai. Sannan na kunna ruwan na sa wa Inna a kunne. Da ya ƙare, ta ce a sake.

"Iccen fa?"

"An sare, Inna. Motoci ne a wurin."

"To, cibiyarki na nan ƙarƙashinsu. Ɗakin ɗalibai muke, hawa na huɗu, babu ko tafin ƙasa. Da ta faɗi, babanki ya naɗe ta a ƙyalle ya kai gindin iccen. Shi ya sa muke zuwa duk Lahadi."

Na ce, "Haba Inna! Shekara talatin da biyar ba ki faɗa mini ba?"

"Yanzu nake tsoron in manta."

Habu ya tashi ya shiga ɗakinta, ya ɗauko akwatin da ya fara haɗa mata don tafiya Damagaram, ya fiddo kayan ɗaya bayan ɗaya. Godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Mahamat, da tsohuwa mai kare da ban ko tambayi sunanta ba.