Ni na ɗauki hoton, ni aka ce ina ciki

A lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da gama karatun Ingilishi a jami'a ba. Yarinya ce ni mai shiru, na fi sabawa da littafi a kan mutane. An yi mini baiko da wani malamin lise, wato sakandare, mai sanyin hali, ana jiran kaka ta wuce a sa rana. Babban burina kuwa, ko da za ku yi dariya, shi ne in ga teku. In muka je Tondibiya, can gefen Yamai, shan iska nakan zauna bakin kogi ina kallon ƙetare, ina tambayar kaina yaya ruwa yake in ba shi da ɗaya gaɓar.

Akwai maƙwabciyarmu da nake kira Yaya, matar aure mai ƴaƴa uku, tana da shago a Babbar Kasuwa, tana zuwa Bankok saro takalma da jakunkuna. Ita ta koya mini ɗaurin ɗankwali, ita nake kai wa kukana. Wata rana ta zo wurin Innata ta ce maigidanta ya hana ta tafiya ita kaɗai, amma ya ce in da ni ne ya yarda, don duk unguwa an san kamun kaina, ga shi zan yi mata tafinta. Ta raɗa mini cewa in mun gama sari za ta kai ni Pattaya in ga tekun nan da na ishe ta da zancensa. Inna ta amince, ta ce in ɗebo mata ruwan teku a kwalba saboda ciwon gwiwarta. Yaya ta sayi atamfa mai ruwan ganye, tela ɗaya ya ɗinka mana anko, har mayafi iri ɗaya, mai lalle ɗaya ta zana mana fure ɗaya. Tana dariya tana cewa mutanen Tailan sai sun tambayi wace ce Hasana wace ce Usaina. Na ji daɗi har cikin raina, ashe babu abin da na gane.

Ba zan yi ƙarya ba, tekun ya fi mafarkina. Da na taka yashi na ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, sai hawaye suka zubo mini. Na ɗanɗana shi da yatsa kamar ƙaramar yarinya. Ga lemomin tare rana jere, ga Turawa kwance a rana da ɗan abin da ba za a kira shi sutura ba, ga mata masu sayar da kwakwa da shinkafa mai danƙo da mangwaro. Ina cikin cika kwalbar Inna wani mutum ya yi mana sallama da Hausa. Yaya ta ce dillalin da ke turo mata kaya ne, kiciɓis kawai aka yi. Ya yi ta tsokanata yana kirana malama, wai in rage wa kifaye ruwansu. Da rana ta kusa faɗuwa Yaya ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke su ta baya suna kallon teku, wai hasken ya yi kyau. Ina gyara tsayuwa ya ɗora hannu a kafaɗarta, ita ma ta zagaya hannunta mai lalle a bayansa. Na danna. A lokacin da na danna ɗin ne na gane me ya kawo mu.

Da muka koma otal ta riƙe ƙafafuna tana kuka, ta ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba, in duba ƴaƴanta. Na rantse. Na ɗauka rufin asiri nake yi.

Bayan mun dawo Yamai da ƴan watanni maigidanta ya ga hoton a wayarta. Sai ta ce masa ai ni ce, ita ta ɗauke mu, shi ya sa hoton yake wurinta. Ta ce ni na haɗu da saurayina a can, ita kuma kunya ta hana ta tona ni. Babu fuska a hoton, atamfa ce da mayafi da hannu mai lalle, kuma tsawonmu ɗaya. Kafin in ji labari ya zaga wayoyin unguwa. A kasuwar Petit Marché mai tumatir ɗin da na saba da ita ta tambaye ni, tana murmushi, ko ruwan can ya fi namu daɗin wanka.

Wanda zan aura ya zo gidanmu da hoton. Ya tambaye ni ko atamfata ce, na ce e. Ko lallena ne, na ce e. Ko na san mutumin, na ce na san shi. Ya ce to in faɗa masa abin da ya rage. Na tuna rantsuwata, na tuna ƙaramar ƴar Yaya da nake goyawa, sai na sunkuyar da kai. Ya jima yana jirana, sannan ya tashi. Washegari danginsa suka aiko a mayar musu da kayansu.

Na tafi shagon Yaya. Ta ja ni bayan kwalayen takalma ta ce yi haƙuri ƙanwata, ke budurwa ce, gobe wani zai fito, ni in aurena ya mutu ina zan kai yara uku. Ta ce abin da aka ce da budurwa wankuwa yake yi. Har takalmi ta ɗauko ta ce in gwada ko zai yi mini. A ranar na faɗa wa Inna komai, na faɗa wa duk mai son ji, amma na makara. Aka ce na rasa mafita ne nake shafa wa matar da ta kai ni ganin duniya laifi.

Inna kaɗai ba ta nemi hujja ba. Ta ce tun ranar da aka nuna mata hoton ta san ba ni ba ce, don ita ta yi wa bayan nan wanka tun yana kamar tafin hannu, ba atamfar da za ta ruɗe ta. Shirun da na yi ne ya ba ta haushi.

Abin da na koya shi ne kyakkyawan suna ma abin aro ne, akwai masu zuwa da fara'a su are shi su rufe ɓarnarsu. Ƴan'uwana mata, in an ce da ke kaɗai aka yarda a yi tafiya, ki tambayi kanki me ake so ki rufe. Kada ki rantse kan asirin da ba ki san wa zai ɗauki nauyinsa ba, kuma ranar da aka tambaye ki gaskiya ki faɗe ta a ranar. Kwalbar ruwan tana nan kan kabad ɗin Inna, ta ƙi shafawa, ta ƙi zubarwa. Har yanzu ina zuwa Tondibiya, sai dai yanzu hankalina ya fi kwanciya da ruwan da nake ganin ƙetarensa.