Ɗakin ƙanwata da birikin mashin

Ni magini ne, ɗan magini. A shekarar farin nan da soja suka karɓi mulki, ina da hannu biyu lafiyayyu amma na kasa gina ɗaki ɗaya. Tubali ruwa yake ci, ruwa kuwa a Agadas lokacin sai an bi layi, ga soja tsaye a bakin famfo. Ka ce za ka kwaɓa ƙasa da shi? Sai ka sha bulala, kuma gaskiyarsu.

A haka ƙanwata ta sauko daga Timiya da ƴaƴa uku. Rijiyar garkarsu ta ƙafe, mijinta ya rasu a hanya. Gidana ɗaki ɗaya ne, sai na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, inda kowa ke wucewa. Wata huɗu tana nan, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ni kuwa kunya kamar ta kashe ni.

Sai aka kawo wani mashin a kamyo, wato babbar mota, don gina mangazar ajiye hatsin taimako, aka ɗauke mu magina aiki. Na je da raini a bakina, na ce ƙarfe ya san ƙasa? Ashe baki ne kawai nake da shi. Ƙasa ake zuba masa da ɗan yayyafin ruwa, abin da bai kai na alwalar mutum biyu ba. Ya yi gurnani, ya matse, wani hannun ƙarfe ya turo biriki waje, mai kusurwa huɗu, sumul. Kafin ka ce kwabo ya turo wani. Na ɗauki ɗaya na sake shi daga tsayin ƙirjina, yadda muke gwada tubali. Ko gezau. Abin da mu goma muke yi a kwana bakwai, da taka ƙasa da jiran rana, ya gama kafin azahar, bai nemi inuwa ba. Na yi ta kewaya shi ina leƙen cikinsa har wani abokin aikina ya ce, "Ko neman aurensa za ka yi?"

Cikin birikin, waɗanda gefensu ya ɓantare a gefe ake zubarwa. Kwana biyu ina kallon tsibin, ina tsoron ajidan, hafsan sojan da ke kula da aikin, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ran na uku na cire hula na je.

"Ranka ya daɗe, waɗancan fasassun nake roƙo."

"Ka yi me da su?"

"Ƙanwata ke kwana a waje da marayu."

Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce, "Kwashe kafin in juyo."

Da jakin maƙwabci na yi jigila. Matata ta riƙa tara ruwan wanke-wanke a tulu, da shi na kwaɓa ƙasar haɗi. Kwana huɗu ɗaki ya tashi, na rufa shi da itacen goriba, na sa ƙyaure.

Na ce wa ƙanwata, "Ga naki, shiga ki gani."

Ta shafa bangon, ta tura yaran wajen matata, ta shiga ta ja ƙyauren. Can muka ji kuka, irin wanda ake yi ranar mutuwa. Na yunƙura zan je, matata ta riƙe mini riga.

"Bar ta," in ji ta. "Tun da mijinta ya rasu ba ta samu inda za ta yi shi ba."